Ganyen kel ya ba ni kunya gaban Hajiya, laifin tukunya ne ko nawa?

Amaryar Gwarinpa:
Assalamu alaikum mutanen gidan nan, barkanmu da warhaka. Dan Allah waɗanda suka san kan ganyen nan kel su taimaka min kafin in yi asarar kuɗi, wanda ake rubuta kale a jikin ledarsa, bakinsa duk a murɗe kamar tela ya yi masa tattara. Maigida ne likita ya ce ya rage shinkafa ya ƙara ganye, shi ne ya shigo min da ƙulli biyu manya wai abokin aikinsa ya ce babu kamarsa. Ni kuma na ɗauke shi kamar alayyahu, na yanka har da karan, na soya albasa da attaruhu a 'yar tukunyar miyata na zuba, wlh ko rabi bai shiga ba sai da na dinga dannawa da ludayi, na ƙasa ya kama na sama ko rissinawa bai yi ba, na ƙara ruwa na matsa lemon tsami saboda ɗacin da na ji na rufe, koda na buɗe abu ya koma kalar kakin soja ga tauri kamar ana taunar igiya. Abin takaicin Hajiyarsa tana gidan, loma ɗaya ta kai ta ce sannu da aiki, ta ce a dama mata fura. Yanzu na ga wata tukunyar baƙin ƙarfe mai fenti ja, nauyi kamar dutsen niƙa, kuɗinta ya kusa na buhun shinkafa, mai shagon ya ce da ita turawa ke dafa irin ganyen. In saya ne?

Gwauron Kabuga:
Ni da na ga kale na ɗauka maganar kalen dangi za a yi, har na gyara zama 😂

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. 'Yata kar ki sayi komai tukuna. Mai shago dai tukunya yake so ya sayar, ko ce masa kika yi ciwon kai kike yi zai ce tukunyar ce magani. Kuma ni abin da ya ɗaure min kai, zogale ya ƙare a duniya ne, ko rama, ko tafasa, ko yakuwa? In ganye likita ya ce ai mu gidan ganye ne, tun kafin a haifi likitan muke cin kwaɗo.

Amaryar Gwarinpa:
Hajiya wlh gaskiyarku, haka na faɗa masa, to amma kun san maza in abokinsu ya faɗi abu shi ke nan ya zama aya. Kuma ƙulli ɗaya na nan a firiji ba na so in zubar.

Mai Lambu a Jos:
Salam. Ni nake shuka shi a nan wajen Jos, bari in ɗan sa baki. Wannan ganye ba dangin alayyahu ba ne ko kaɗan, kabeji ne, asalinsu ɗaya da kabeji da burokoli da farin kabeji, bambancin kawai shi ba ya dunƙulewa ya yi kai, ganyensa a buɗe yake tafiya sama. To duk wanda ya san ganyen kabeji na waje, koren nan mai kauri da ake ɓarewa a ba awaki, ya san irin jikin da muke magana. Alayyahu yana jin wuta yake kwanciya, wannan sai an bi shi.

Ɗacin kuma yana da alaƙa da lokaci. Ganyen sanyi ne, shi ya sa yake yi mana a nan tunda muna kan tudu wajen mita 1,200, kuma wanda aka tsinka a tsakiyar hunturu Disamba zuwa Janairu ya fi zaƙi nesa ba kusa ba, sanyi na sa shi tara suga a jikinsa. Wanda ya sha rana a watan Maris ko ya tsufa a kan kara, ko ya kwana uku a mota kafin ya iso Abuja, dole ya yi ɗaci. In za ki saya ki duba ƙananan ganye masu duhun kore, in kin karya karan ki ji ƙas, wanda ya fara rawaya a baki ki bar musu kayansu. Sannan wanki, ki jiƙa shi a ruwan gishiri a babbar roba minti 10 ki ɗauraye sau biyu ko uku, cikin tattarar nan ƙasa na maƙalewa da wasu ƙananan ƙwari masu launin toka, ba kya ganinsu sai sun taso kan ruwa.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi ƙwari kuma? Ni da nake markaɗa shi ɗanye a bilenda da ayaba da safe, sau ɗaya nake ɗaurayewa 😭

Gwauron Kabuga:
Kin samu nama kyauta, ki gode Allah

Malamar Kimiyya:
Amarya kurakurai uku na gani a bayaninki kuma ɗaya ne kawai ya shafi tukunya. Karan tsakiya ba a haɗa shi da ganyen, ki riƙe gindin da hannu ɗaya ki zuge ganyen da ɗayan kamar yadda ake zuge zogale, karan in ba kya son asara ki yanka shi siri-siri ki fara sa shi tare da albasa dan ya riga ganyen shiga wuta. Lemon tsamin da kika matsa kika kuma rufe shi ne ya ba ki kakin soja, duk koren ganye in ya haɗu da tsami a kan wuta sinadarin da ke ba shi kore yana lalacewa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ki tuna kalar alayyahu a cikin fate in an sa yakuwa, ai ba ya fitowa shar. Tsami sai an sauke, a faranti. Na ukun shi ne ƙanƙantar tukunya, ganyen nan yana da cika ido, ƙulli ɗaya ya cika roba amma in ya kwanta bai fi kwano ɗaya ba, to yana son wuri mai faɗi da zai baje duk ya samu zafi lokaci guda. Faɗi ake nema da murfi mai kama baki, ba tsada ba.

Inna ta Tudun Wada:
Duk wannan dogon turanci ne. A jefa 'yar kanwa kamar ƙwayar wake, ganye ya yi laushi ya yi kore shar, haka muka taso muka ga ana yi wa rama da zogale da ɗanyar kuɓewa, har dinkin ma da ya fi kowa taurin kai kanwa ke karya shi.

Malamar Kimiyya:
Inna ba a musu da ku a kan murhu, kuma gaskiya ne kanwa na riƙe kore tana kuma sa laushi, kishiyar tsami ce. Sai dai tana kashe bitamin C da wasu daga cikin bitamin B, to mutumin da aka ce ya ci ganye dan lafiya in an zuba kanwa an rage abin da ake nema ɗin. Kuma wannan ganyen in ta ɗan yi yawa sai ya saɓule ya yi santsi kamar karkashi, ga warin kabejin nan ya tashi ya cika gida.

Inna ta Tudun Wada:
To mu da muka shekara sittin muna cin kanwa ga mu nan da ƙafafunmu, ku masu bitamin ku ne kullum a asibiti.

Hajiya Babba:
Hhhh Inna a yi musu haƙuri, yaran zamani ne. Amma ni ma dai kanwar ungurnu kaɗan nake sa wa rama, zogale kam na daina, tafasa ɗaya in tsane ya ishe shi.

Ɗalibi a Nairobi:
Ina gaida iyaye. Ni shekarata uku a Kenya kuma in na ce muku kusan kullum sai na ci ɗan uwan wannan ganyen ba ƙarya na yi ba. Sukuma wiki suke ce masa, da Swahili ma'anarsa tura mako, wato abin da talaka zai lallaɓa da shi har sati ya ƙare, to ku ji fa, abin da ake sayar muku a leda da tsada a Abuja a nan cimar marasa ƙarfi ce. Nasu ganyen shimfiɗaɗɗe ne ba shi da tattara amma dangi ɗaya ne. Sirrinsu wuƙa ce ba tukunya ba, matan kasuwa za su naɗe ganyen tam a hannu su yanka shi siriri kamar zare, har yankakke suke sayarwa. A gida a soya albasa da tumatir a ɗan mai, a zuba ganyen da gishiri a juya, ko ruwa ba a sawa, minti 5 zuwa 7 an sauke yana nan kore da ɗan garas-garas, a ci da ugali wato tuwon masararsu mai tauri. Tukunyar kuwa sufuriya ce, alminiyam mara hannu mara nauyi mai faɗin baki, wadda ko ɗan makaranta yana da ita. Anti in kin yanka shi manya-manya kamar na miyar taushe shi ya sa kika ji igiya.

Amaryar Gwarinpa:
Kai ƙanena kamar kana kicin ɗin, manya na yanka wlh, sauri nake yi.

'Yar Katsina a Bremen:
Ni kuma bari in rikita muku lissafi. Nan arewacin Jamus wannan ganyen abincin gargajiyarsu ne na lokacin sanyi, Grünkohl suke ce masa, ba sa fara cinsa sai sanyi ya kankama wajen Nuwamba, kamar dai yadda mai lambu ya faɗa. A Janairu da Fabrairu ƙungiya-ƙungiya suke fita yawo cikin sanyi suna jan 'yar amalanke daga ƙarshe su ƙare a gidan abinci a kan wannan ganyen. Kuma su ba ruwansu da minti 5, awa ɗaya har biyu yake yi a wuta da albasa da kitse har ya yi lugub ya koma kalar kakin sojan da amarya ke kuka da ita, wasu ma cewa suke ya fi daɗi in ya kwana an ɗumama. Sai dai nasu da naman alade ne da tsiran hanjinsa, duk wanda ya zo nan ya kiyaye, kar ya ga ganye ya ce ai ganye ne. Ni da haƙarƙarin rago mai kitse nake yi da dankalin turawa, in sa daddawa da yaji, yarana har rigima suke a kai. To irin wannan doguwar dahuwar ita ce ke son tukunya mai kaurin gindi dan kar ya kama, inaga ita mai shagon yake nufi.

Malamar Kimiyya:
Yawwa, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Ko dai a yi masa gajeriyar dahuwa ya tsaya kore, ko a yi doguwa da kitse ya narke. Amarya ta tsaya a tsakiya ne, ya wuce na farko bai kai na biyu ba.

Mai Kayan Kicin:
Salam hajiyoyi, akwai nonsitik saiti 5 da saiti 7 masu murfin gilas, ba ya kamu ba ya ƙonewa, akwai kuma kasko mai zurfi irin na 'yan Sin daidai wannan aikin, ana turawa ko'ina.

Gwauron Kabuga:
Dama na san ba za a tashi taron nan ba ki zo ba 😂

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai na tuba da nonsitik. Na kayan aurena ko shekara ba su rufa ba suka fara ɓarewa, yarinyar da ke taya ni aiki da cokalin ƙarfe take juyawa ta kuma dirje da soson waya, sai ka ga baƙi-baƙi a cikin miya kamar masoro.

Mai Kayan Kicin:
To hajiya wannan ai ba laifin tukunya ba ne, cokalin katako ake sa mata da soso mai laushi, kuma ba a ɗora ta a wuta babu komai a ciki.

Malamar Kimiyya:
Nan kam ta faɗi gaskiya, shafen da ke cikinta yana fara lalacewa in zafi ya haura digiri 260, kuma tukunyar da babu komai a ciki a kan gas nan da nan take kaiwa can, kan gawayi kuwa ba a magana. In ta fara ɓarewa a sallame ta. Kaskon mai zurfin da ta ambata yana da kyau ga irin dahuwar Kenya in yana da murfi. Ni dai da za a tambaye ni tukunya ɗaya tak, silba ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa (stainless steel, ba alminiyam ba) mai kaurin gindi, ba ruwanta da tsami ba ruwanta da kanwa, ki dirje ta yadda kike so. Baƙin ƙarfe zalla mara fenti yana riƙe zafi amma in tumatir ko tsamiya suka daɗe a ciki sai ki ji ƙarfe-ƙarfe a baki kuma yana son a dinga shafa masa mai dan tsatsa. Mai fentin da amarya ta gani fentin irin na samira ne, ya raba abinci da ƙarfen, tukunya ce ta gaske har jikoki sai su gada in ba a yar da ita ta ɓantare ba, amma ba a kanta matsalar jiya take ba.

Inna ta Tudun Wada:
Tukunyar ƙasa fa, ko an manta da ita? Miyar ganye a tukunyar ƙasa a kan itace, wanda bai ci ba bai san miya ba. Kuma ga tukunyar dalma mai ƙafa uku, lamba 2 ko lamba 3 ta ishi ganyen duniya.

Malamar Kimiyya:
Ta ƙasa ba ni da ja Inna, ga doguwar dahuwa babu kamarta, kan gas ne dai take tsagewa in aka sakar mata wuta lokaci ɗaya. Ta dalma ce nake ɗari-ɗari da ita. An yi bincike a Kamaru a 2014 a kan irin waɗannan tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe, aka samu wasunsu na sakin gubar dalma a cikin abinci, musamman in an tafasa abu mai tsami a ciki. Kuma mu ba baƙin wannan guba ba ne, kowa ya tuna Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu, duk da can daga dutsen zinare ne da ake niƙawa a cikin gidaje ba daga tukunya ba. Yara ƙanana ta fi yi wa illa, a ƙwaƙwalwa, kuma ba a ganin alama da wuri.

Ɗan Maƙera:
Malama da girmanki amma a dinga yi ana bambancewa. Sana'ar gidanmu ce wannan, a cikinta aka ciyar da ni aka kai ni makaranta. Sunan ne kawai dalma, abin da ake narkawa alminiyam ne, ita dalma ta ainihi nauyi gare ta da taushi ko tukunya ba za ta yi ba. Mahaifina gwangwanayen lemo yake saya da ragowar alminiyam na masu taga da tsofaffin tukwane, ya narka ya zuba a ƙasar da aka dandaƙe a kwatanci, bai taɓa yarda da lagireto ko kayan batir ba dan ya ce suna ɓata zubi. Yanzu in kuka ce duk guba ce, matar ƙauye da mai abincin biki da mai tuwo-tuwo su dafa a me, silbar da za ta ɗauki kwano goma na shinkafa nawa take?

Malamar Kimiyya:
Allah ya ba ka haƙuri ɗan uwa, ban ce duka ba, wasu na ce, kuma abin da ka faɗa shi ne ainihin maganar, ya danganta da abin da aka jefa a wutar. Matsalar mai saye ba ya gani da ido, tukunyar babanku da ta wanda ya narka kayan inji duk fari tas suke a kasuwa. Shi ya sa nake cewa wanda ke da ita ya dafa tuwo da shinkafa da ruwan zafi, amma zoɓo da kunun tsamiya da miyar yakuwa a nema musu wata, kar kuma a bar miya ta kwana a ciki, sannan a daina dirje cikinta da toka da yashi har sai ta yi walƙiya, dishi-dishin nan da take yi shi ke kare abincin. Kanwa ma na cin alminiyam, ita ke sa cikin tukunya ya yi baƙi ya yi ƙananan ramuka.

Ɗan Maƙera:
Wannan na yarda, ramukan kam muna gani in an kawo mana tsofaffi.

Nas a Kaduna:
Afuwan na shigo a makare. Amarya ba ki faɗi lalurar maigidan ba kuma ba sai kin faɗa a nan ba, amma in yana shan maganin tsinka jini Warfarin to ya koma ya gaya wa likitansa kafin ya maida kel abincin kullum, ganyen na da bitamin K mai yawa sosai kuma shi ke rage ƙarfin wannan maganin. Ba wai haramun ba ne a gare shi, abin da ba a so yau a ci roba guda gobe a daina sati biyu. Masu ciwon ƙoda da aka ce su rage fotasiyam su ma su tambaya. In suga ne ko hawan jini ko ƙiba to bismillah, a dai rage gishiri da magi.

Amaryar Gwarinpa:
Suga ne Anti nas, an ce ya fara hawa, ba ya shan wancan. Na gode sosai.

Hajiya Babba:
Ni duk na karanta, da na Kenya da na Jamus, sai nake ta dariya ni kaɗai. 'Yata ba a sa miki madambaci a kayan ɗaki ba?

Amaryar Gwarinpa:
Akwai Hajiya, yana can saman kabad ko ledarsa ban cire ba, ban iya dambu ba 🙈

Hajiya Babba:
To sauko da shi, da tsohuwar zuma ake magani. Ki zuge ganyen ki wanke kamar yadda mai lambu ya ce, ki yanka siriri, ruwa ya tafasa a ƙasa sosai tukuna ki zuba a sama ki rufe, yana da faɗi yana da zurfi duk zai shige ba sai kin danna ba kuma babu abin da zai kama tunda bai taɓa wuta ba. Kina ganin ya kwanta ya yi kore mai duhu ki ɗanɗana, in ya tauno ki juye a faranti mai faɗi ya sha iska, ki matse ruwan da hannu. Ki daka ƙuli-ƙuli da ɗan yaji da gishiri, albasa da tumatir ɗanye, man gyaɗa cokali biyu, lemon tsamin naki a ƙarshe. In babu madambaci ko gwagwa aka ɗora a kan tukunya aka rufe ta yi.

Malamar Kimiyya:
Hajiya kun gama magana. Minti 5 zuwa 7 a turara ya isa, kuma turarawa ta fi tafasawa a ruwa riƙe amfanin ganyen tunda ba a zubar da shi a ruwan tsanewa, man gyaɗan kuma shi ke taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A da K. In wanda ke firijin ya riga ya tsufa ɗacin ya yi yawa, shi kam gara a jefa shi a tafasasshen ruwan gishiri minti 2 ko 3 a tsame a sa a ruwan sanyi, ɗacin na bin ruwan.

Inna ta Tudun Wada:
Wato dai an zagaya duniya an dawo kwaɗo.

Amaryar Gwarinpa:
Jama'a na dawo da rahoto. Na yi yau da rana a madambaci, minti 7 na ba shi, kore shar wlh har hoto na ɗauka, karan na soya daban da albasa na zuba a kai. Ɗacin bai tafi duka ba akwai ɗan saura a ƙarshen harshe amma ƙulin ya danne shi. Maigida ya cinye nasa ya ce gobe a ƙara. Hajiyarsa ta ci cokali huɗu ina ƙirgawa ta gefen ido, ta ce ba laifi amma ganyen turawan nan bai kai rama ba, wai in ta koma Funtuwa za ta aiko min da busasshen zogale in daina wahalar da ɗanta. Sannan ta ga madambacin ta ce ashe ina da shi, to jibi dambu take so.

Gwauron Kabuga:
Kin tono wa kanki aiki 😂😂

Mai Kayan Kicin:
Amarya jan tukunyar nan fa ina da irinta, zan rage miki.

Amaryar Gwarinpa:
Sai bayan sallah in Allah ya kai mu. Hajiya Babba dan Allah tsakin dambu wankewa ake fara yi ko turarawa, kuma zogalen ɗanye ake zubawa ko sai an dafa?